Farar ƙasar Kaka ba ta narke ba

Daga Allah muke, kuma wurinSa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Kaka ta riga mu ranar Asabar bayan azahar, a ɗakinta, kanta bisa cinyar Innata. Yau kwana goma sha biyu ke nan. In kun ga magana ta karkace ku yi mini haƙuri.

Zan fara da zaman makoki, don a can na gane abin da ake shirin yi wa sunanta.

Mutane sun zo, ba zan ce ba su zo ba. Daga Yekuwa an zo a ƙafa, daga Sassumbrum amalanke biyu cike da dangi, Innata kuwa tun Kaka na kwance ta iso daga Dungas inda take aure. Maza suka zauna a ƙofar gida tare da Kawu, mata suka cika tsakar gida. Ana ta "ya haƙuri", ana ta "Allah ya sa ta huta". Duk yadda ake yi an yi.

Sai da aka fito da abinci. Innata ta dafa shinkafa da wake, ta zuba mai, na ɗauki kwano na ajiye gaban wata tsohuwa sa'ar Kaka, wadda suka yi ƴanmatanci tare. Ta buɗe, ta duba, ta ɗago kai.

"Ɗiyar nan, da wane mai aka yi?"

Na ce, "Na gida ne, Iya."

Ta mayar da murfi a hankali. "Allah ya amfana. Na ƙoshi."

Wata ta ce azumi take. Wata ta ce cikinta ba daɗi tun jiya. Kwano bakwai na fitar, bakwai na mayar, ko cokali ba a sa ba. Da na zaga bayan rumbu in ɗebo itace, na ji mata biyu suna magana ƙasa-ƙasa.

"Shekara arba'in tana ciyar da mu ƙasa ba mu sani ba."

"Ai narkewa take yi a cikin man, ido ba ya gani. Sai ta je ciki ta daskare."

"Ita ma fa an ce ƙasar ce ta ci ta."

Na tsaya da itacen a hannu. Na san ƙarya ne. Kuma na san gaskiyar, domin da hannuna aka yi ta.

Gida ɗaya ne ba wanda ya zo daga cikinsa, gidan maƙwabcinmu, wanda danga kaɗai ta raba mu. Kwana tara kafin rasuwar Kaka aka yi suna a can, kuma da man Kaka aka yi suya. Kafin la'asar yara sun fara amai. Babbar ɗiyar maijego, ƴar shekara huɗu, wadda tun safe take gindin kasko tana tsintar ɓarɓashin waina, numfashinta ya riƙa sarƙewa. A moto aka kai ta likita, ta yi kwana huɗu. Majo, babban ma'aikacin likitar, ya ce akwai wani abu a cikin man. Bai ce ƙasa ba. Mutane ne suka ƙarasa masa maganar, don kowa ya san Kaka da farar ƙasa take tace manta.

Bari in faɗa muku wace ce Kaka, ga wanda bai san ta ba.

Ita ta haifi Innata, ita kuma ta riƙe ni tun yaye. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mata da yawa suna yin mai a ƙauyenmu, amma nasu in ya kwana biyu sai ka ga laka a gindin kwalba. Na Kaka in ka ɗaga kwalbar kana ganin yatsunka ta ɗaya gefen. Masu biki da masu suna tun da wata guda suke kawo mata gyaɗarsu.

Sirrin a wurin uwarta ta gaje shi, Babarbariya ce daga gabas. Wata farar ƙasa ce da ake haƙowa can wajen Manga, inda aka ce da ruwa ne ya kwanta. Laushinta kamar garin rogo, ba ta da nauyi ko kaɗan, buhu guda ina ɗagawa da hannu ɗaya. Wani mai kanwa ke kawo mata sau ɗaya a shekara bayan kaka. In ta matse mai ta dafa shi, sai ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan rariya, ta dama ƙasar cikin ludayi biyu na mai, ta zuba ta kwanta a kan ƙyallen. Sannan ta riƙa tsiyaya sauran man a hankali, ba gaggawa. Man ya ratsa ya sauka garau, dattin ya maƙale a sama. In za ta ɗebi ƙasar sai ta ɗaure hanci da mayafi, ni ma ta sa in ɗaure, ta ce ƙurarta ce ba ta da kirki ga ƙirji.

Tun ina ƙarama nake tambayarta, "Kaka, ba ta shiga cikin man?"

Ta ce, "Ba ta shiga mai. Mai ne ke ratsa ta. Ki sa ta a ruwa, ki sa ta a mai, ki sa ta a duk abin da kike so, za ki tarar da ita zaune a gindi tana jiran ki."

Akwai kuma rabin maganar na biyu, wanda take faɗa in ta gama aiki ta naɗe ƙyallen za ta bayan rumbu ta binne ƙasar da ta yi baƙi. "Wadda ta yi aiki sau ɗaya ta gama. Abin da ya ratsa ta, tana riƙe da shi." Rabin farko na haddace. Na biyun na ji shi sau ɗari, ban taɓa tsayawa na saurare shi ba.

Ba ta wasa da ƙasar nan. Wata shekara mai kanwar ya kawo buhu, ta sa yatsu ta murza, ta ce in tsinko mata lemun tsami. Ta matsa a kai, sai ga shi yana kumfa yana shuuu.

Ta ce, "Malam, ƙasarka tana magana. Tawa ba ta magana."

Ya ce, "Haba Iya, duk rami ɗaya ne."

"Rami ɗaya da alli? Ni za ka kawo wa alli? Ɗauki kayanka, ka kai wa masu kaɗi."

Ya yi rantsuwa, ta yi masa shiru, ya yi fushi ya tafi, shekarar nan rabin aiki ta yi. Da ya dawo da ta gaskiya, da kanta ta dama masa fura.

Da na shiga koleji a Magarya, na ɗebi kaɗan a takarda na kai wa mushe, wato malamin da ke koya mana kimiyya. Ya yi murna ƙwarai. Ya zuba a ruwa, ya zuba a alkol irin na likita, ya aika aka ɗebo fetur daga motonsa ya zuba, duk ta kwanta a gindi. Ya buɗe littafi ya nuna mana hoto, ya ce ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu tun zamanin da, jikinsu dangin yashi da gilashi, cike da ƴan ramuka da ido ba ya gani. Shi ya sa ba ta narkewa, shi ya sa kuma take kama datti. Na dawo hutu ina zumuɗi na ba Kaka labari.

Ta ce, "Shi mushen naku sai da ya je har Damagaram ya yi karatu kafin ya san ba ta narkewa? Da ya zo nan, da na faɗa masa, in ba shi ƙuli a kai."

Shekara uku da suka wuce ta yi wani zazzaɓi da mura, da ta tashi hancinta ya daina jin komai. Ga mai sana'ar mai wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Ba ta faɗa wa kowa ba sai ni. Daga ranar ta daina kira na da sunana. In mai ya sauka sai ta ce, "Hancina, zo." In sunkuya in shinshina, in ce lafiya lau, ko in ce ya ɗan ƙone, ko gyaɗar nan ta sha ruwa. Abin da na faɗa shi ne. In ta so tsokana sai ta kama mini hanci ta ja, ta ce, "Wannan dai nawa ne, ke aro na ba ki."

Ga wani abu da nake so a tuna. Lokacin da matar maƙwabcinmu ta haifi ɗiyar nan ta fari, damina ta yi ƙarfi, rijiya ta zama jar laka, yarinyar ta kama zawo bayan an fara ba ta ruwa. Kaka ce ta ɓula danga tsakaninmu. Kullum da safe sai ta tace ruwa da ƙasarta mai wuyar samu, ta tafasa, ta miƙa ta kafar. Wata biyu tana yi. Matar ta ce, "Iya, za ki ƙarar da abin sana'arki." Kaka ta ce, "Karɓi ki ba ta, kina ɓata mini lokaci." Kafar nan ta zauna shekara huɗu, gishiri da wuta da labari duk ta nan suke wucewa. Washegarin suna maigidan ya toshe ta da zana.

Saura Kawu, autan Kaka. Fetur yake sayarwa a kwalabe a bakin hanya, irin wanda ake shigowa da shi daga iyaka a bido, wato jarka. Wani lokaci man yakan zo da tsatsa da datti, masu moto su yi ta ƙorafi. Ya sha roƙon Kaka ta ba shi ƙasar ya tace.

Ta ce, "Abin da ke taɓa abincin mutane ba zai taɓa abincin moto ba."

Ya ce, "Iya, ke fa kika ce ba abin da ke cin ta."

"Na ce. Fita mini daga ɗaki da warin nan naka."

To yanzu na zo wurin da nake ta kewayewa.

Mako guda kafin sunan, Kaka ta tafi Sassumbrum duba ƙanwarta, ta yi kwana uku. Kawu ya same ni ina shara. Ya ce an kawo masa bido biyu daga gindin ganga, fetur ne amma ya gauraya da gazuwal, man manyan motoci, da tsatsa, in bai tace ba ya yi hasara.

Na ce, "Kawu, Kaka ta hana."

Ya ce, "Ke ƴar lakwal mai karatun boko, ba ke kika ce mushenku ya sa ta a fetur ba ta narke ba? To me zai same ta? In na gama ki shanya, ta koma yadda take. Wa zai sani?"

Wallahi a lokacin maganar ta yi mini daidai a kai. Ba ta narkewa, fetur kuma rana na shanye shi. Na ɗebo masa daga ƙwaryar da Kaka ke zuba ta aiki. Ya tace, ya kankare saman da ya yi ja ya zubar, ya dawo mini da sauran. Na baza a faifai kwana biyu a rana. Ta bushe, ta yi fari. Da na zubar da ita a nan, da yau ba na wannan rubutu. Amma na dubi ƙwaryar na ga ta yi ƙasa, na san Kaka za ta gani, ta san ma'auninta kamar yadda ta san yatsunta. Sai na juye a ciki na gauraya.

Ranar Laraba muka yi man suna. Kaka tana kan turmi tana juya tunkuza, hannunta duk mai, ta ce ni in dama ƙasar in shimfiɗa. Ba ta taɓa ta ba. Man ya sauka garau kamar kullum.

"Hancina, zo."

Na sunkuya. Ƙamshin gyaɗa ne. Amma can ƙarƙashinsa akwai wani siririn abu, irin wanda ke jikin rigar Kawu. Na sake shinshinawa. Yana nan. Na dubi tulin gyaɗar mutane da aka riga aka matse, na tuna gobe ne suna, na tuna idon Kaka in ta yi fushi. Na ce wa kaina ƙila hannuna ne ke wari.

Na ce, "Lafiya lau, Kaka."

Ta ce, "Madalla," ta toshe bakin tulun.

Sai daga baya na gane abin da ya faru. Fetur ya tashi a rana, amma gazuwal ba ya tashi, ya zauna cikin ƴan ramukan nan da mushe ya nuna mana. Ƙasar ba ta narke a man gyaɗa ba. Abin da take riƙe da shi ne ya samu ɗan'uwansa mai, ya bi shi. Da albasa da yaji da hayaƙin suya, manya kaɗan ne suka ce man yana da wani ɗanɗano. Yara kuwa ci kawai suka yi.

Ranar Asabar, yarinyar tana likita ba a san yadda za ta kasance ba, ubanta ya shigo gidanmu ba sallama, ɗauke da sauran man. Mutumin da bai taɓa ɗaga ido ya dubi Kaka ba. Ya tuntsurar da tulun a gabanta, man ya bi ƙasa har gindin turmi.

Ya ce, "Iya, ga ƙasarki. In ɗiyata ta mutu..." Bai ƙarasa ba.

Kaka ta ce, "Allah ya tashi kafaɗunta. Amma ƙasata ba ta shiga mai."

"To me ya shiga?"

Ban taɓa ganin Kaka ba amsa ba sai ranar.

Da ya fita ta shiga ɗaki ta ce in miƙo ƙwaryar. Ta sa yatsu ta murza. Ta sake murzawa. Ta buɗe babban buhu ta ɗebo ta murza da ɗayan hannun. Mai kyau tana da ɗan kaushi a yatsa, ƙas-ƙas. Ta ƙwaryar tana da santsi kaɗan, wanda sai ita za ta ji. Ta daɗe tana duban yatsunta, sannan ta dube ni.

"Hancina, ranar nan kin ji wani abu?"

Na ce, "A'a, Kaka."

Ta ce, "To."

Shi ke nan. Ta juye ƙwaryar a tsohon ɗankwali, ta ƙulle, ta sa a ƙasan adudunta. Ba ta sake tayar da maganar ba. Mata suka daina sallama a gidan, ana wucewa ana nuna ƙofarmu, ba ta ce wa kowa uffan ba. Ranar Litinin da safe ta faɗi a gindin turmi. Ɓarin jiki ya mutu, baki ya karkace. Majo ya ce hawan jini ne, kuma ta daɗe da shi. Inna ta ce kwana ne ya ƙare, kada in sa wa kaina wani abu. Na yarda kwana ne. Amma ni na ga fuskarta lokacin da aka ce "to me ya shiga".

Ranar Juma'a ina ba ta kunu da cokali, ta ɗaga hannun da ke motsi ta kama mini hanci, ta ja kaɗan, ta saki. Ban sani ba ko yafewa ce, ko tambayar ce take sake yi. Ɗakin ba kowa sai mu biyu. Da na buɗe baki na faɗa, da ta ji. Ban faɗa ba. Washegari ta tafi.

Ranar sadakar bakwai da hantsi, mata sun taru ana dakan gumba, sai Kawu ya fito daga ɗakin Kaka da babban buhun a kafaɗa. Ya ce zai kai kududdufi ya zubar a gaban kowa, a ga gidan ya rabu da ita, magana ta mutu. Inna ta share hawaye ta ce, "Kai dai kai, mu huta."

Na gane in buhun nan ya faɗa ruwa, mun sa hannu ke nan cewa Kaka ta ciyar da mutane ƙasa. Haka za a riƙa faɗa wa yaran da ba a haifa ba. Ban san lokacin da na riƙe gindin buhun ba.

"Kawu, ajiye."

Ya juyo. "Ke, da wa kike?"

"Don Allah ka ajiye."

Ya dube ni, na dube shi, ya san abin da ke bakina. Ya ce a hankali, "Ki yi tunani, ɗiyata." Taɓare suka tsaya. Kowa ya zuba mana ido.

Na shiga na ɗauko kofunan shayi uku na gilashi. Ɗaya na zuba ruwa, ɗaya man gyaɗa daga tsohon tulun Kaka wanda aka yi tun kafin tafiyarta Sassumbrum, ɗaya fetur daga kwalbar Kawu. Inna ta yi tsawa, "Ke, kawar da shi daga murhu, so kike ki ƙone mu?" Na matsa tsakiyar fili. Ta tsakanin zanar da aka toshe kafar da ita na hangi zanen maijego, tana tsaye tana kallo.

Na ce wa tsohuwar nan da ta ƙi cin abincinmu, "Iya, ki ɗebo da hannunki daga buhun, kada a ce na yi wani abu."

Ta ɗebo ta zuba a kowane kofi. Na juya da tsinke. Duk suka yi fari. Wata ta ce, "Ga shi nan ai, ta narke." Na ce a jira. Wallahi ban taɓa jira mai tsawo irin wannan ba. Ta fetur ce ta fara kwanciya, sai ta ruwa. Ta mai ta daɗe, sai na juye ta a farin ƙyalle. Man ya sauka, ƙasar ta zauna a kai, ga ta nan kowa na gani.

Tsohuwar ta ce, "To. Ba ta narke ba. Amma yara sun yi amai, ɗiyar nan, da idonmu muka gani. Me ya shiga?"

Tambayar dai ita ce. Na koma ɗaki na buɗe adudu na ɗauko ƙullin. Na ɗebo ruwan zafi a kwano na zuba kaɗan a ciki. Ƙasar ta nutse. Wani maiƙo mai launi-launi ya taso ya shimfiɗu a sama, tururin ya ɗauko warin. Na miƙa mata. Ta kai hanci, ta janye kai da sauri.

"Wannan ai man injin niƙa ne."

Na ce, "Gazuwal ne." Daga nan na faɗi komai. Yadda na ba Kawu, yadda na shanya, yadda na mayar. Na faɗa musu Kaka ba ta jin wari shekara uku, ni ce nake ji mata. Na faɗa musu na shinshina na ji, na ce mata lafiya lau.

Inna ta zauna a ƙasa daɓas, inda take tsaye.

Kawu ya ce, "Yarinya ce, baƙin ciki ya taɓa ta."

Tsohuwar ta ɗaga masa kwanon. "Baƙin cikin ne ke wannan warin? Zo ka ji."

Bai zo ba. Ya sauke buhun ya jingina da bango ya fita. Daga baya na ji ya faɗa wa liman da bakinsa.

Tsohuwar ta juyo gare ni. "Wa ya ƙulle wannan?"

"Kaka."

"Ta sani ke nan?"

"Ta sani."

"Ta sani, muna ta cin namanta, ta yi shiru?"

Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Da ta buɗe sai ta ce wa Inna, "Akwai sauran shinkafa? Zubo mini. Ki sa man wancan tulun, ki sa da yawa." Ta ci a gaban kowa, da hannu, tana ci tana kuka. Mata biyu suka matso suka sa hannu. Ba duka ba, biyu.

Sai na ji muryar maijego daga bayan zana.

"Ke."

Na matsa. "Na'am."

"Saura ƙiris da ɗiyata ta tafi."

"Na sani."

"Kin shinshina kin ji?"

"Na ji."

Jaririn ya fara kuka a bayanta, ba ta jijjiga shi ba. Can ta ce, "Allah ya ji ƙan Iya. Allah ya sa ruwan da ta tace wa ɗiyata ya tare ta a can." Ta ja numfashi. "Ke kuwa, ban ce komai ba tukuna."

Har yau ba ta ce ba. Zanar tana nan. A rijiya wasu ba sa amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinsu ba. Kullum in na ji motsi a gidan maƙwabci sai in kasa kunne in ji ko yarinyar tana tari. Ƙullin na binne shi bayan rumbu, inda Kaka ke binne wadda ta gama aiki. Buhun yana ɗakinta, ban taɓa shi ba.

Na rubuta wannan ne saboda waɗanda suka zo gaisuwa daga Yekuwa da Sassumbrum da Dungas suka koma gida tun kafin bakwai, da waccan maganar a bakinsu. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya haskaka makwancinta, ya sanyaya mata, ya karɓe ta da irin haƙurin da ta yi da ni. In kun tashi ambaton ta, ku ambace ta da man da ake ganin yatsa ta cikinsa.

Ƙasarta ba ta narke ba. Ni ce na ce mata lafiya lau.